Ƙasa ɗaya, ƙwallo huɗu: Yadda ake auna farin jinin ƙungiyoyin wasa a Ostiraliya

A ranar 27 ga watan Satumba na 2025, ƙungiyar Brisbane Lions ta doke Geelong a wasan ƙarshe na gasar AFL, a gaban 'yan kallo sama da 100,000 a birnin Melbourne. Bayan kwana takwas, wata ƙungiyar ta birnin Brisbane, wato Broncos, ta doke Melbourne Storm da maki 26 da 22 a wasan ƙarshe na gasar NRL a birnin Sydney. Birni ɗaya ya ɗauki kofuna biyu a wasanni biyu mabambanta, waɗanda kowanensu magoya bayansa ke kiran sa “ƙwallo”, suna kuma iƙirarin cewa shi ne wasan ƙasa.

Wannan nasara ta sake tayar da tsohuwar gardamar da ba ta mutuwa a Ostiraliya: wane wasa ne ya fi farin jini, kuma ƙungiyoyin wane ɓangare ne suka fi magoya baya? Tambayar ta wuce hirar majalisa, domin a kanta ne kamfanonin talabijin ke yanke shawarar biyan biliyoyin daloli, gwamnatoci ke gina filayen wasa, kuma a kanta ne aka taɓa yanke wa wasu tsofaffin ƙungiyoyi hukuncin rushewa.

Wasannin da ke takara

Na farko shi ne ƙwallon dokokin Ostiraliya, wanda aka rubuta ƙa'idojinsa a Melbourne a 1859. Ana buga shi a ƙaton fili mai siffar ƙwai, da 'yan wasa 18 a kowane ɓangare, ana shurin ƙwallo da ƙafa ko a naushe ta da hannu zuwa ga abokin wasa. Babbar gasarsa ita ce AFL mai ƙungiyoyi 18, wadda ta fara a 1897 a matsayin gasar jihar Victoria kaɗai, kafin ta ɗauki sunanta na yanzu a 1990.

Na biyu shi ne zari-ruga mai 'yan wasa 13, wanda ya ɓalle daga asalin zari-ruga a arewacin Ingila a 1895, saboda saɓani kan biyan ma'aikata diyyar albashin da suke rasawa idan sun je wasa. An fara gasarsa a Sydney a 1908, kuma tun farko ya samu gindin zama a unguwannin ma'aikata. Gasar NRL ta yanzu, mai ƙungiyoyi 17, an kafa ta ne a 1998.

Sauran biyun su ne zari-ruga mai 'yan wasa 15, wanda ya fi ƙarfi a makarantun kuɗi na Sydney da Brisbane, da kuma ƙwallon ƙafa irin wadda duniya ta sani, mai gasar A-League da aka fara a 2005. Sai dai idan ana batun ƙungiyoyi da magoya bayansu, babbar kokawar tsakanin AFL da NRL take.

Layin da ya raba ƙasa

A 1978 masanin tarihi Ian Turner ya bayyana wani layi na tunani da ya ratsa ƙasar, ya sa masa suna Layin Barassi, don tunawa da sunan wani gidan da ya shahara a ƙwallon dokokin Ostiraliya. Layin ya taso daga arewa, ya bi ta kudancin jihar New South Wales da kusa da Canberra, ya faɗa teku. A kudu da yammacinsa, wato jihohin Victoria da South Australia da Western Australia da Tasmania, ƙwallon dokokin Ostiraliya ne sarki. A gabashinsa, wato mafi yawan New South Wales da Queensland, zari-ruga ce ke da fada.

Muhimmancin layin ya fito ne daga lissafin jama'a. Jihohin New South Wales da Queensland biyu kacal suna ɗauke da fiye da rabin mutanen ƙasar masu kimanin miliyan 27. Don haka AFL ta fi yawan jihohi, NRL kuwa tana zaune inda jama'a suka fi yawa. Kowane ɓangare yana da abin da zai nuna idan aka zo taƙama.

Ma'aunin farko: masu zuwa fili

Idan aka ƙirga waɗanda suke barin gidajensu su je filin wasa, AFL ba ta da abokin karawa. A kakar 2024, matsakaicin 'yan kallon wasa ɗaya a gasar ya haura 37,000, adadin da ya sa ta cikin gasanni mafi jan jama'a a duniya. A NRL matsakaicin bai wuce kimanin 20,000 ba a wannan shekarar, duk da cewa hakan ma ci gaba ne a tarihin gasar.

Filin wasan kurket na Melbourne, wanda aka fi sani da MCG, yana ɗaukar mutum 100,024, kuma a nan ake buga wasan ƙarshe na AFL. A 1970, lokacin da ake barin jama'a su yi kallo a tsaye, mutum 121,696 ne suka kalli wasan ƙarshe tsakanin Carlton da Collingwood. Wasan da Collingwood da Essendon ke yi duk ranar 25 ga Afrilu tun 1995, ranar tunawa da mazan jiya, ya sha tara sama da mutum 90,000 alhali ba wasan kofi ba ne. Tun 2015 jihar Victoria take ba da hutun aiki a ranar Juma'ar jajibirin wasan ƙarshe.

Wannan rata tana da dalilai da suka wuce son wasa kawai. Ƙungiyoyi tara na AFL da ke Melbourne duk suna buga mafi yawan wasanninsu na gida ne a manyan filaye biyu da ke tsakiyar birni, MCG da filin Docklands mai ɗaukar sama da mutum 50,000, inda layukan jirgin ƙasa da na taragu suke haɗuwa. Idan ƙungiyoyi biyu na birnin suka kara, magoya bayan kowacce suna iya zuwa ba tare da wahala ba.

A Sydney kuwa, birni ne da ruwa da tuddai suka yayyanka, kuma da dama daga cikin ƙungiyoyin NRL sun riƙe ƙananan filayen unguwanninsu, irin su Leichhardt da Brookvale, waɗanda ba su ɗaukar fiye da mutum 20,000. Penrith Panthers, wadda ta lashe gasar sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, a filin da bai kai cin mutum 23,000 ba ta yi wannan bajinta. Ko da a ce duk unguwar ta so shiga, fili ba zai ɗauke ta ba.

Akwai kuma yanayin wasannin su kansu. Filin AFL yana da girman da kyamara ba ta iya kama duk abin da ke gudana a lokaci guda, don haka mai kallo a fili ya fi na gida ganin wasa. Zari-ruga kuwa sahu biyu ne ke fuskantar juna a wuri ɗaya, abin da ya dace da allon talabijin ƙwarai.

Ma'auni na biyu: masu katin mamba

A nan ma AFL ce a gaba da nisa. A 2018 jimillar mambobin ƙungiyoyinta ta haura miliyan ɗaya karo na farko, kuma a shekarar ce Richmond ta zama ƙungiya ta farko da ta kai mamba 100,000. Zuwa 2024 jimillar ta wuce miliyan 1.3, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane 20 a ƙasar. Collingwood ta haura 110,000, yayin da Carlton da West Coast Eagles ta birnin Perth su ma suka wuce 100,000.

Abin lura shi ne yawan mambobi bai cika bin nasara ba. Rabon Carlton da kofi tun 1995. Essendon ba ta ci ko da wasa ɗaya na zagayen fitar da gwani ba tun 2004, amma mambobinta sun haura 80,000. A Melbourne goyon bayan ƙungiya gado ne, yaro yakan tashi ya tarar da shi a gida kamar yadda ya tarar da sunan kakansa.

A NRL, Brisbane Broncos ce ta fi kowa mambobi da 'yan kallo. Takan tara kimanin mutum 40,000 a filinta na Suncorp mai ɗaukar 52,500, amma mambobinta ba su kai kusa da na manyan ƙungiyoyin AFL ba.

Bambancin ya samo asali ne daga hanyar da kowane ɓangare ya saba samun kuɗi. Tun fil azal ƙungiyoyin Victoria sun dogara ne da kuɗin katin shekara, wanda ke bai wa mutum damar shiga wasannin gida, a ƙungiyoyi da dama kuma har da 'yancin zaɓen shugabanni. A New South Wales kuwa, gwamnati ta halatta injinan caca a gidajen shaƙatawa na ƙungiyoyi tun 1956. Ƙungiyoyin zari-ruga suka gina manyan gidajen shaƙatawa, ribar injinan ta riƙa ɗaukar nauyin 'yan wasa tsawon shekaru. Ƙungiyar da ke da irin wannan rijiya ba ta da dalilin bin magoya baya gida-gida tana neman su yi rajista. Sai a baya-bayan nan ne ƙungiyoyin NRL suka dage kan sayar da katin mamba.

Duk da haka, alƙaluman mambobi suna buƙatar a karanta su da hankali, domin ba kowane kati ne yake daidai da wani ba. Akwai na kaka gaba ɗaya, akwai na wasanni uku kacal, akwai na mazauna wasu jihohi da ba sa zuwa fili sai jefi-jefi. Sabuwar ƙungiyar Tasmania Devils, wadda ba za ta shiga AFL ba sai 2028, ta sayar da katin mamban kafuwa a kan dala 10 a 2024, mutum sama da 200,000 suka saya. Wannan ya nuna ɗokin jama'a, amma ba ya nufin ta fi Collingwood masu ɗaukar nauyi.

Ma'auni na uku: masu kallo a gida

A fagen talabijin ne NRL ke ɗaga murya. Shugabanninta, musamman Peter V'landys wanda ke jagorantar hukumar wasan tun 2019, sun sha iƙirarin cewa idan aka haɗa masu kallo na kaka gaba ɗaya, wasansu ne kan gaba a ƙasar. Ɓangaren AFL yakan mayar da martani da cewa wasanninsa sun fi tsawo, saboda haka jimillar sa'o'in da ake kashewa ana kallonsu ta fi yawa. Kowa yana zaɓar lissafin da ya fi yi masa daɗi.

Babban makamin zari-ruga shi ne karawar jihohi da ake kira State of Origin, wadda aka fara a 1980, inda New South Wales da Queensland ke gwabzawa sau uku a shekara, kowane ɗan wasa yana wakiltar jiharsa ta asali. Wasannin ukun sukan kasance cikin shirye-shiryen da aka fi kallo a ƙasar kowace shekara. A 2015 an kai ɗaya daga cikinsu MCG, tsakiyar gidan abokin hamayya, mutum 91,513 suka shiga kallo. Sai dai wannan farin jini na jihohi ne, ba ya shiga asusun wata ƙungiya ɗaya.

Idan aka koma ga kuɗi, har yanzu AFL ce ke da rinjaye. Yarjejeniyar nuna wasanninta da ta ƙulla da tashar Seven da kamfanin Foxtel daga 2025 zuwa 2031 ta kai dalar Ostiraliya biliyan 4.5, mafi girma a tarihin wasannin ƙasar a lokacin da aka sanar da ita a 2022. Ta NRL, wadda ke ƙarewa a 2027, an ƙiyasta ta a kimanin dala biliyan biyu na shekara biyar.

Masu cewa “ƙungiyarmu ce”

Akwai wani ma'auni na daban, wato jin ra'ayin jama'a, inda ake tambayar mutum ƙungiyar da yake goya wa baya. A binciken da kamfanin Roy Morgan ke gudanarwa, Sydney Swans ta sha zuwa ta ɗaya a AFL da magoya baya sama da miliyan ɗaya, alhali tana zaune a babban birnin zari-ruga. A NRL kuma Broncos da Melbourne Storm ne suka fi zama a sama.

Sirrin wannan sakamako shi ne rabon gari. Mutumin Melbourne da ke son AFL yana da ƙungiyoyi tara da zai zaɓa daga ciki, amma idan aka tambaye shi ta zari-ruga, Storm kaɗai garinsa yake da ita. Haka mutumin Sydney yake da Swans. Irin wannan goyon baya yana da faɗi, amma sau da yawa ba ya wuce fatar baki, domin mai shi bai taɓa sayen tikiti ba.

Ƙwallon ƙafa: masu bugawa da yawa, masu kallo kaɗan

Ƙwallon ƙafa ita ce ta fi kowane ɗaya daga cikin wasannin huɗu yawan masu buga ta, musamman yara. Ita ce kuma ke riƙe da tarihin shirin da aka fi kallo tun da aka fara tsarin ƙidayar masu kallon talabijin na yanzu a 2001: wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya na mata a watan Agusta na 2023 tsakanin Ostiraliya da Ingila, wanda masu kallonsa suka haura miliyan 11 a ƙololuwarsa. A wannan gasar ce Super Falcons ta Najeriya ta doke mai masaukin baƙi da ci 3 da 2 a Brisbane, a filin da Broncos ke buga wasanninta.

Amma wannan ƙauna ba ta gangaro ga ƙungiyoyin cikin gida ba. Matsakaicin 'yan kallon A-League bai kai 10,000 ba a shekarun baya-bayan nan, alhali lokacin da Liverpool ta je wasan sada zumunta da Melbourne Victory a 2013, mutum 95,446 ne suka cika MCG. Masoya tamaula suna nan birjik, amma zukatan da yawa daga cikinsu suna Turai, matsalar da gasannin ƙasashe da dama suka sani.

Lokacin da goyon baya ya zama batun rai

Wuri mafi bayyana ƙarfin magoya baya shi ne ranar da aka ce ƙungiya za ta mutu. A 1989 aka sanar da shirin haɗe Footscray, ƙungiyar unguwar ma'aikata ta yammacin Melbourne, da Fitzroy saboda bashi. Magoya bayanta suka garzaya kotu, suka bi gida-gida da tituna suna tara kuɗi, cikin makonni uku suka ceto ta. Ita ce Western Bulldogs ta yau, wadda ta ɗauki kofi a 2016, karo na farko tun 1954. Fitzroy kuwa, mai kofuna takwas, ba ta samu irin wannan ceto ba. A 1996 aka haɗe ta da ƙungiyar Brisbane, daga nan aka samu Brisbane Lions.

A Sydney, bayan rikicin da ya raba zari-ruga gida biyu a 1997 kan ikon nuna wasanni a talabijin, an rage yawan ƙungiyoyi, aka fitar da South Sydney Rabbitohs a ƙarshen 1999, duk da cewa tana cikin waɗanda suka kafa gasar a 1908, kuma ita ce ta fi kowa kofuna. A watan Nuwamba na 2000, mutanen da aka ƙiyasta sun kai 80,000 suka yi zanga-zanga a titunan birnin, ciki har da magoya bayan ƙungiyoyin da ke gaba da ita. Kotun Tarayya ta ba ta gaskiya a 2001, ta dawo gasa a 2002, ta kuma lashe kofi a 2014 bayan shekara 43. Mutanen da suka fito zanga-zangar sun ninka masu zuwa kallon wasanninta sau da yawa, abin da ya nuna cewa ƙidayar ƙofar fili ba ta kama duk masu ƙauna.

Tsallaka layi

Tun shekarun 1980 kowane ɓangare ke ƙoƙarin kafa tuta a ƙasar ɗayan. South Melbourne ta koma Sydney a 1982 ta zama Swans, ta sha wuya shekaru, sannan ta ɗauki kofi a 2005 da 2012. A yau ta fi kowace ƙungiyar zari-ruga ta Sydney tara 'yan kallo. A 2024 ƙungiyoyin da suka buga wasan ƙarshe na AFL, Lions da Swans, duk daga yankin zari-ruga suka fito. Sai dai Gold Coast Suns da aka shigar a 2011 da GWS Giants ta 2012 har yanzu suna dogara da tallafi mai tsoka daga hukumar gasar.

Melbourne Storm ta shiga NRL a 1998, ta lashe gasar a shekararta ta biyu a gaban mutum 107,999. Ta samu magoya baya masu riƙon amana a filinta mai ɗaukar kimanin 30,000, amma mafi yawan 'yan wasanta daga Queensland da New South Wales da New Zealand suke zuwa.

Takarar za ta ƙara zafi a shekaru masu zuwa. NRL, wadda ta fara buɗe kakarta a birnin Las Vegas na Amurka a 2024, za ta shigar da Perth Bears a 2027, a jihar da AFL ke da ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi. A 2028 za ta ƙara da ƙungiya daga Papua New Guinea, wadda gwamnatin Ostiraliya ta yi alƙawarin tallafa wa shirinta da dala miliyan 600 cikin shekara goma. A wannan shekarar ce AFL ke sa ran shigar da Tasmania, bisa sharaɗin gina sabon fili mai rufi da zai ɗauki mutum 23,000 a birnin Hobart, aikin da tsadarsa ta jawo ce-ce-ku-ce a siyasar jihar.

Zuwa yanzu dai, AFL ce ke riƙe da filaye da katunan mamba da kuɗin talabijin, NRL na ja da ita a yawan masu kallo a gida, ƙwallon ƙafa kuma tana da yaran da ke bugawa da ƙungiyoyin ƙasa. Sabuwar yarjejeniyar talabijin ta NRL bayan 2027, da adadin mutanen da za su fito kallon Bears a Perth, su ne alƙaluman gaba da ɓangarorin biyu ke jira.